Ƙaryar da Na Yi wa Likita a Gaban Surukina

'Yan'uwana cikin Almasihu, na Kalgo da na Gwandu da duk inda wannan takardar zumunta za ta kai, ina gaishe ku da sunan Yesu Ubangijinmu, wanda ya bar ni da rai har nake rubuta muku wannan. Salama a gare ku duka.

Sunana Ishaku. Da yawanku kun san muryata kafin ku san fuskata, domin na daɗe ina gabatar da shirin manoma a rediyo. Waɗanda muke sujada tare a Kalgo kuma sun san ni ne mai karanta sanarwa ranar Lahadi. An roƙe ni in rubuta yadda Allah ya tashe ni daga ciwon baya, kuma zan rubuta. Amma akwai wani sashe na labarin da ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba. In na cire shi, shaidar ba ta cika ba.

Shekara goma sha bakwai ina shan taba sigari a ɓoye.

Na fara tun ina koyon aiki. Kafin aurenmu na yi wa matata Saratu alkawari na daina, ta kuwa yarda. Ban daina ba, wuri kawai na sauya. Ba na sha a gida, ba na sha a cikin garin Kalgo. Aikina na yawo ne, kullum ina kan babur da rikoda a rataye a baya, ina zuwa ƙauyuka ɗaukar hira da manoma. In na fita gari na shiga hanyar Dangoma, sai in tsaya inda ba kowa, in sha kara uku a jere. A dawowa ma haka. Kanumfari ba ya rabuwa da aljihuna, don kashe warin taba a baki. Mutane suna yaba kaurin muryata, ni kaɗai na san abin da ke ƙara mata kauri.

Ran Lahadi kuwa in sa farar riga, in tsaya a gabanku. Allah ya gafarta mini!

Da damina, shekara biyu bayan an ba mu jihar Kebbi, na je Dodoru ɗaukar shiri. A hanyar dawowa babur ya zame a taɓo, na faɗi ta baya a kan rikodar. Wasu manoma da ke aiki kusa da hanya suka sheƙo, suka ɗora ni a amalanke har Gwandu. Ban san sunansu ba har yau, Allah ya saka musu. Na yi mako biyu a kwance, mai ɗori ya yi nasa, ciwon ya lafa, na koma aiki.

Bayan wata uku ƙafata ta hagu ta fara mutuwa. Takalmi zai fita daga ƙafata ina tafiya ban sani ba, sai wani ya nuna mini. Daga baya ta dama ta soma. Ranar da na ga fitsari ya fara kuɓuce mini, aka rubuta mini takarda zuwa babban asibiti a birni. Can aka ɗauki hoto, likitan ƙashi ya nuna mini inda ƙashin bayana ya goce yana danne laka, wato jijiyar da ke cikin ƙashin baya. Ya ce a yi tiyata cikin makon nan. In an wuce haka, ba ya ba ni tabbacin zan sake takawa.

Saratu tana da cikin wata takwas, ba ta iya zaman jinya. Shi ya sa tun daga gida mahaifinta ya ce shi zai bi ni.

Tsofaffin cikinku sun san Baba Yohanna. Mai bishara ne da ya yi ritaya, dattijon ikkilisiya, siriri, marar yawan magana. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan gaishe shi daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. To, wannan mutum ne ya shimfiɗa tabarma a gefen gadona, yana wanke mini kwano, yana riƙe ni zuwa banɗaki. Ciwon baya daban, nauyin wannan daban.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani tsohon masunci, Malam Bagudu, wanda ya karye a cinya. Ina buɗe baki na gaishe shi ya ɗago kai.

"Kai! Wallahi ɗan rediyo na! Muryag ga na san ta. Kai ka ce muna mu bar shuka gab da ruwa, ko? To ga ka nan, ga ni nan, kowa da ƙahwa tai ba ta aiki."

Muka yi dariya. Shi kaɗai ke sa ni dariya a ɗakin nan.

Saura kwana biyu a yi aiki, da hantsi, wata likita ta zo da takardu a hannu. Ta ce sunanta Dakta Balkisu, ita ce mai sa barci, ita za ta kula da numfashina da jinina muddin ana aikin. 'Yar Gwandu ce, na ji haka a harshenta. Ta jawo kujera ta zauna, abin da sauran likitoci ba su yi ba. Ta dubi Baba a kan tabarma ta ce cikin ladabi, "Baba, ko za ka ɗan ba mu wuri? Tambayoyi zan yi mishi."

Baba ya fara naɗe ƙafa zai tashi. Ni kuwa, don kada a ce na kori surukina, na yi maza na ce, "A'a likita, bar shi. Ubana ne. Ba abin da zan ɓoye masa."

Da bakina na faɗi haka.

Na tambaye ta yadda aikin zai kasance, domin ni mutum ne mai son a yi mini bayani dalla-dalla. Ta yi mini, ba ta rage komai ba. Ta ce za a yi mini allura in yi barcin da ko numfashi ba zan iya yi da kaina ba. Za ta zura roba ta bakina zuwa maƙogwaro, ta haɗa da inji, injin ya riƙa hura mini iska kamar zugazugin maƙeri. Sannan a kifar da ni rub da ciki, tun da ta baya za a shiga, in zauna haka awa uku ko huɗu.

"Nan wahalar take," in ji ta. "Mutum in shina kife, nauyin jikinshi na danne ciki da ƙirji, huhu ba shi samun wurin buɗewa sosai. Injinmu kuwa hanya biyu shika aiki. Ta farko, in auna mishi yawan iska, in ce kowane numfashi ka tura kaza. To shi zai tura, ko ƙirji ya yarda ko bai yarda ba. In ƙirji ya matse, sai shi ƙara ƙarfi. Ta biyu, in ƙayyade mishi ƙarfin, in ce kada ka wuce nan. Wannan ba ya yi ma huhu dole, amma in ƙirji ya matse iskar da ke shiga na raguwa, dole idona shi zauna kanta."

Na ce, "In ƙarfin ya yi yawa fa?"

Ta ce huhu yana iya jin rauni, amma ba shi kaɗai ba. Zuciya da huhu ɗaki ɗaya suke. In iska ta cika ƙirji da ƙarfi, jinin da ke komowa zuwa zuciya sai ya rasa hanya, kamar ka taka bakin hanyar ruwa a fadama. Gaba ya bushe, baya ya cika. Bugun jini ya yi ƙasa, jijiyoyin da ke kewaye da ƙashin baya kuma su kumbura, wurin da likita ke yanka ya yi ta zubar da jini.

"Amma kada ka damu. Mai lafiyayyen huhu, hanyar farko ta ishe shi, ita muka saba yi. Wanda nike tsoro shi na mai asma, ko mai shan taba. Hanyoyin iskarsu saurin fushi gare su, roba na taɓa su sai su tsuke. Irin su shiri daban nike yi musu tun kafin a fara." Ta ɗauki biro. "Kana da asma?"

"A'a."

"Kana shan taba?"

'Yan'uwa, tsakanin gadona da tabarmar Baba bai kai taku biyu ba. Ina ganin tafin ƙafarsa. Ina jin numfashinsa.

Na ce, "A'a."

Ta sa abin sauraro a ƙirjina, gaba da baya. Ta daɗe a gefen dama. Ta ce tana jin ɗan ƙara, ko ina mura? Na ce ɗan sanyin damina ne. Ta cire abin daga kunne ta dube ni.

"Malam Ishaku, ko dā can, ba ka taɓa sha ba?"

Na daidaita murya kamar zan karanta labarai, na ce, "Ban taɓa ba, likita."

Baba bai ɗago kai ba. Ta rubuta, ta yi mana sallama, ta tafi.

Daga wannan sa'a tsoro ya shige ni, irin wanda ban taɓa sani ba.

Ku gane, aikina ya koya mini abu biyu. Na farko, in saurari magana sau ɗaya in riƙe ta kalma da kalma. Don haka duk abin da ta faɗa yana nan a kaina, ina juya shi kamar kaset. Ba zan iya cewa ban fahimta ba. Na fahimta sarai: za a saita inji a kan huhun wani mutum da ba ni ba. Na biyu, numfashi. Kafin in shiga ɗakin watsa shiri nakan bi takardata da fensir, in ja layi a duk inda zan shaƙi iska. Ban taɓa barin numfashina ga sa'a ba. Yanzu ga shi zan miƙa shi ɗungurungum ga inji, ina kife, bakina a toshe, ba halin in ce a dakata, akwai gyara.

Washegari da safe tari ya kama ni, irin wanda na saba yi kowace safiya, mai fitar da kaki. Baba ya fita ɗebo ruwan zafi. Malam Bagudu ya jira na gama, sannan ya miƙo wuya.

"Ɗan rediyo, tarin ga naka ba na sanyi ba na. Shekara talatin ina busa ta, na san ɗan'uwana in na ji shi."

Na ce ya rage murya.

"Ni ba ni hwaɗi ma kowa, ba ruwana. Amma ka yi ma yarinyag ga ƙarya jiya, ina jin ka. Ni da suka tambaye ni cewa na yi har da ta gargajiya. Kai da ka yi boko, mi kaka tsoro? Tsohon ga cinye ka za shi yi?"

Yaya zan bayyana masa cewa na fi jin tsoron idon tsohon nan da wuƙar likita?

Na yi ta dabara a ranar. Na ce in likitar ta biyo lokacin da Baba ba ya nan, zan faɗa mata. Ba ta biyo ba. Na ce zan faɗa wa nas, sai na tarar nas ɗin da ke aiki ranar 'yar garinsu Baba ce, har durƙusawa take ta gaishe shi. Na yago takarda na rubuta layi biyu zuwa ga likita, na ninke. Baba ya ga ina riƙe da ita ya ce, "Saƙo ne? Kawo in kai." Na ce lissafin shirin rediyo ne. Na yayyaga ta a ƙarƙashin bargo.

Sai na fara lallashin kaina. Ai kwana biyar ke nan ban sha ba, wataƙila huhun ya washe. Ai likitoci sukan faɗi abu ya fi yadda yake. Amma da na rufe ido sai in ga kaina a kife, inji yana turawa, ƙirjina ya ƙi, jini yana cika wurin. Na ga Saratu da jariri a goye a bakin kabari. Abincin rana ya zo ya koma. Baba ya ɗauka tsoron tiyata ne, ko kuwa haka na zata. Ya ce, "Ka ƙarfafa, Ubangiji yana nan." Wannan magana ta ƙara mini tsoro, domin na san yana nan ɗin, kuma ya ji abin da na ce.

Na yi ƙoƙarin addu'a, ta ƙi fita. Mutum ba ya roƙon a tsare shi daga ramin da yake ci gaba da haƙawa da hannunsa.

Ranar aiki, wajen ƙarfe takwas na safe, aka sa mini rigar asibiti, aka ɗora ni a gado mai taya. Malam Bagudu ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi hisshe ka." Bai yi wasa ba wannan karon. Aka tura ni ta wata doguwar baranda. Baba yana tafe a gefe, hannunsa a kan ƙarfen gadon. Ina kallon rufi yana wucewa, ina ƙidaya fitilu.

A ƙofar ɗakin tiyata Dakta Balkisu tana tsaye cikin koren kaya. Baba ya roƙi a ba shi minti ɗaya ya yi addu'a. Ta ce bismilla, ta ja baya kaɗan.

Ya ɗora tafinsa a goshina. Wannan ne karo na farko da ya taɓa fuskata. Ya ce, "Ya Uba, ga ɗanka. Kai ka yi shi, ka san shi ciki da waje. Ba abin da ke cikin ƙirjinsa da ya ɓuya gare ka." Muryarsa ta karye a nan, ya tsaya.

A cikin wannan shirun na yi tawa addu'ar, ba da murya ba. Ba ta da tsari ko kaɗan, ni da nake taƙama da tsara magana. Na ce, Yesu, ina jin tsoro. Ina tsoron mutuwa, ina tsoron wannan tsoho, kuma tsoronsa ya fi ƙarfina. Na yi ƙarya, ba ni da ƙarfin warware ta. In ba ka buɗe bakina ba, haka zan shiga.

Baba ya ce amin. Masu turawa suka kama gado. Ƙofa ta buɗe.

Sai na ji murya ta ce, "Likita, ku tsaya!" Tawa ce, amma ba irin ta rediyo ba. Siririya ce, tana rawa.

"Na yi miki ƙarya. Ina shan taba."

Kowa ya tsaya cak. Ban dubi inda Baba yake ba. Ta matso, fuskarta ba fara'a.

"Shekara nawa?"

"Sha bakwai."

"Kara nawa a yini?"

"Goma. Wata rana ya fi."

"Na ƙarshe fa?"

"Ranar da muka zo. A tasha."

"Tari da safe? Kaki?"

"Kullum."

Ta ja numfashi. "Malam Ishaku, sau biyu na tambaye ka. Sau biyu! Ka san abin da ka so ka sa ni in yi?" Ba ta jira amsa ba. Ta ce a bar ni nan, ta shige ciki neman likitan ƙashi.

Minti ashirin muka yi a barandar nan, akwai agogo a bango. Ni a kwance, Baba a tsaye. Hannunsa dai bai bar ƙarfen gadon ba. Hawaye suna gangarowa cikin kunnuwana, ba ni da halin sharewa. Na sa rai za a ce an fasa, ƙafafuna su tafi. Na sa rai za a ce a ci gaba, in mutu. Ban san wanne zan roƙa ba.

Ta fito. Ta ce da son samu ne, da ta ɗaga aikin makonni, huhuna ya huta. Amma likitan ƙashi ya ce lakar ba za ta jira ba. Za a yi yau. Za ta ba ni maganin buɗe hanyoyin iska tun kafin in yi barci. Za ta juya injin zuwa hanya ta biyu, mai ƙayyade ƙarfi, ta kuma ba iska isasshen lokacin fita, domin huhu irin nawa yakan riƙe iska. Za su sa matasai a ƙarƙashin ƙirjina da ƙuguna yadda cikina zai rataya ba abin da ya danne shi.

"Haɗarin na nan, ba ni ɓoye maka. Amma yanzu na san da wa nike aiki. Alhamdu lillahi da ka hwaɗi." Ta juya ga Baba. "Baba, a ci gaba da addu'a."

Abin da na tuna na ƙarshe shi ne sanyin allura yana hawa hannuna, da kalma ɗaya da nake maimaitawa: Yesu, Yesu.

Na farka da la'asar. Maƙogwarona kamar an kankare shi, bayana kamar wuta, abin iska a fuskata. Wani ya ce in motsa yatsun ƙafa. Na aika saƙo can ƙasa, ban san ko zai isa ba. Babban yatsan hagu ya motsa!

Halleluya! Yabo ga Ubangiji!

Bayan kwana biyu Dakta Balkisu ta zo ta faɗa mini abin da ya faru, don na nace. Ta ce ba a daɗe da kifar da ni ba ƙirjina ya tsuke. Iskar da ke shiga ta ragu ƙwarai, bugun jinina ya fara sauka. Ta cire ni daga inji, ta kama jakar iska da hannunta tana matsawa a hankali, tana jin taurin huhuna a tafinta. Maganin yana kan tebur, ta riga ta zuƙe shi a sirinji tun kafin a fara. Likitan ƙashi ya dakata da aiki har ƙirjin ya saki, sannan aka ci gaba.

"Da ban sani ba," in ji ta, "da inji na kan hanyar farko, shina ta turawa da ƙarfi cikin ƙirjin da ya rufe. Ni kuma in tsaya neman dalili, ko roba ta lanƙwashe, ko ta zame, ko inji ya lalace. Mintocin nan ba mu da su."

Ba zan ce muku da na mutu ba, domin ita ma ba ta ce haka ba. Abin da ta faɗa shi na faɗa muku. Amma na san abin da na ji a jikina lokacin da take magana.

Saura Baba.

Kwana huɗu bai ta da maganar ba. Yana wanke kwano, yana juya ni a gado, yana karanta Littafi a tabarmarsa. Ni kuma kullum fuskata a bango. Na gwammace ya zage ni. Na shirya jin cewa zai kai ni gaban dattawa, ko ya ce na yaudari 'yarsa, duka kuwa gaskiya ne.

Rana ta biyar aka ce in gwada takawa. Baba ya riƙe ni a kafaɗa, muka fita baranda a hankali, taku goma sha biyu, muka zauna a benci. Na tattara ƙarfina na ce, "Baba, na yi maka laifi."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ishaku, bari in riga ka. Na sani."

Na ɗago kai na dube shi, ido cikin ido, ban ma san na yi ba.

"Tun shekarar farko ta aurenku na sani. Ba wanda ya faɗa mini. Rigunanka na aiki duk suna da ɗigon ƙuna a gaba, na gani a igiyar shanya. Na ce ba girmana ba ne in yi wa surukina maganar taba, Allah zai yi masa. Shekara goma ina cewa haka. Ranar da yarinyar nan ta tambaye ka, na ji duk bayanin da ta yi. Ni ma na fahimta. Bakina ya buɗe, na rufe shi. Na ce yaya zan ƙaryata mijin 'yata a gaban baƙuwa? Kwana biyu ban ci abinci ba, kai ba ka lura ba. Na raka ka har ƙofar nan ina sane, ina addu'a a kewaye, na kasa faɗa a fili. Da ka mutu a ciki, da mu biyu muka kashe ka. Me zan ce wa Saratu?"

Sai tsohon nan, dattijon ikkilisiya, ya zame daga benci ya durƙusa a gabana a barandar asibiti, mutane suna wucewa.

"Ka yafe mini, ɗana."

Na kasa sunkuyawa in ɗaga shi saboda ɗinkin bayana. Sai kuka kawai nake, ina cewa, "Baba tashi, don Allah tashi, ni ne mai laifi." Bai tashi ba sai da na ce na yafe. Sannan ni ma na roƙi tasa gafarar, muka yi addu'a a wurin, muka roƙi ta Ubangiji tare.

Da na koma Kalgo na faɗa wa Saratu komai da bakina. Ta yi kuka, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba in ba gaisuwa ba. A rana ta uku ta ajiye mini abinci, ta kira ni da sunan ɗanmu ta ce, "Baban Dauda, nan gaba in za ka mutu, ka faɗa mini tukuna." Ta haifi 'yarmu mako uku bayan haka, ina tsaye a kan ƙafafuna da sanda.

Kada in ƙara wata ƙaryar: sha'awar taba ba ta tafi rana ɗaya ba. Watanni na yi ina fama, musamman da na koma hawa hanya ni kaɗai. Amma Allah ya ba ni mataimaki inda ban zata ba. Kowace Lahadi bayan sujada Baba yakan ja ni gefe ya tambaye ni kai tsaye, "Wannan makon fa?" Ni kuma in ba shi amsa kai tsaye. Sau ɗaya amsar ba ta yi daɗi ba. Bai yi faɗa ba, ya ce mu durƙusa. Yau shekara huɗu ke nan ban sa kara a bakina ba, na kuma ajiye sanda tuntuni.

Na gode wa Allah saboda likitar nan da hannunta, da likitan ƙashi, da tsohon masuncin da ya faɗa mini gaskiya ba kunya. Fiye da kowa na gode wa Yesu, wanda ya ji addu'ar maƙaryaci a bakin ƙofa, ya buɗe bakin da ni na kasa buɗewa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila akwai abin da kake ɓoyewa don kada a ga fuskarka ta sauya a idon mutane. Wataƙila kuma kai ne mai zama a tabarma, ka sani, ka yi shiru don kara da kunya. Ni da surukina mun gwada duka biyun, sun kai mu har ƙofar ɗakin tiyata. Kada ku jira ku kai can. In ƙarfin faɗa ya gagare ku, ku gaya wa Yesu ya gagare ku, haka kawai, zai ba ku. Ku dogara gare shi. Ni na faɗi tawa a gaban mutumin da na fi jin kunya a duniya, kuma ga ni da rai.

Ɗaukaka ga sunansa har abada. Amin.